Haƙƙin Mai Saye: Bayani ga Hakimai da Malamansu a kan Dokar Ciniki ta 2018

A farkon shekarar 1824 wani Bature matafiyi, Kyaftin Kilafaton, ya sauka Kano, ya yi makonni yana zaga birni da kasuwar Kurmi yana rubuta abin da ya gani. Cikin abubuwan da ya rubuta akwai wata al'ada ta fataucin tufafi. In falke ya sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe, ya tafi da shi har Barno bai kwance ba, sa'an nan ya tarar kayan bai kai yadda aka faɗa masa ba, sai ya komo da shi Kano. A cikin kowane ƙunshi akwai sunan dillalin da aka yi cinikin ta hannunsa. Tilas dillali ya nemo mai kaya, tilas mai kaya kuma ya mayar da kuɗi.

Wannan al'ada ba daga sama ta faɗo ba. Shari'a ce tushenta. Duk almajirin da ya karanta babin ciniki a cikin Risala ya san an hana algus, an hana ɓoye aibin haja, an hana cuɗa mummuna da kyakkyawa a sayar da sunan kyakkyawa, kuma wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Alƙur'ani mai girma kuwa yana da sura guda a kan masu tauye mudu. Saboda haka aka naɗa muhtasibi a biranen Musulmi, a ƙasar Hausa kuma Sarkin Kasuwa, da Sarkin Pawa, da Korama mai kula da ma'auna hatsi, kowa da ɓangaren da ake tambayarsa in an sami ɓarna.

To, amma ciniki ya sāke kama. A da mai saye yakan taɓa, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya san masaƙi ko maƙerin da ya yi abin, ko kuwa ya san wanda ya san shi. Yanzu yawancin abin da talaka ke kai wa bakin 'ya'yansa a rufe yake zuwa, cikin kwalba ko gwangwani ko leda, daga Ikko ko Anaca, ko Indiya ko Sin. Kafin ya iso teburin mai tireda a ƙauye ya bi hannu biyar ko shida. Idon mai saye da harshensa ba su isa su gaya masa abin da ke ciki ba, mai tiredan ma kansa bai sani ba. Abin da dokar zamani ke nema shi ne ta mayar da sunan dillali cikin ƙunshi, watau kowane kaya ya zama akwai wanda za a kama in ya cuci mutum.

YADDA DOKAR TA SAMU

Ba a yi waɗannan dokoki don ado ba, rayuka aka rasa tukuna. A cikin 1990 yara 109 suka mutu a ƙasashen Filato da Oyo bayan sun sha ruwan maganin zazzaɓi na farasitamol. Yara 47 daga cikinsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos suka cika. Da aka bincika sai aka tarar an haɗa maganin da wani ruwa da ake kira dayatilin gilaikol, irin wanda ake sa wa cikin man birki. Ruwan nan ba shi da launi, yana da ɗan zaƙi, yana kama da ruwan da aka halatta a narkar da magani a ciki, ga shi kuma da araha. In ya shiga cikin yaro ƙoda yake kashewa, fitsari ya ɗauke, cikin 'yan kwanaki sai rasuwa.

Bayan wannan masifa Gwamnatin Tarayya ta yi doka a 1992 ta kafa Majalisar Kare Masu Saye, a 1993 kuma ta kafa hukumar kula da abinci da magunguna wadda kowa ya sani da sunan NAFDAC. Hukumar duba ingancin kayan masana'antu, SON, ta riga su, tun 1971 take. Duk da haka abin ya sāke faruwa. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka yi a Ikko, ya fito da wannan guba ɗin dai, yara 84 suka mutu, wasunsu a asibitin koyarwa na Zariya. A 2013 Babbar Kotun Tarayya ta Ikko ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai bakwai. Ba Nijeriya kaɗai ba ce, a 2022 ƙasar Gambiya ta yi asarar yara wajen 70 ta wannan hanya, da maganin tari da aka kawo daga Indiya.

Dokar 1992 ba ta da haƙora sosai. Majalisar Ƙasa ta sāke wata, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ko da yake shekarar 2018 ce a jikin sunanta. Ita ce Dokar Gasar Ciniki da Kare Mai Saye. Ta soke ta 1992, ta kafa sabuwar hukuma mai hedkwata a Abuja, wadda ake taƙaita sunanta FCCPC, ta kuma kafa kotu ta musamman mai sauraron ƙarar hukuncin hukumar.

ABIN DA DOKAR TA BA MAI SAYE

Dokar tana da tsawo, rabinta ma maganar manyan kamfanoni ce da haɗewarsu, wadda ba safai za ta zo gaban hakimi ba. Abin da ya shafi kasuwar ƙauye da kantin gari yana farawa daga sashe na 114.

Da fari dai mai saye yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya cikin harshen da zai gane. In an rubuta farashi a jikin kaya ba a karɓar fiye da shi. A watan Fabrairu na 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda kuɗin da ke rubuce a kanta dabam, wanda ake karɓa wajen biya dabam. Kayan da aka taɓa amfani da shi, ko aka gyara aka yi masa fenti, tilas a faɗa, ba a sayar da kwance da sunan sabo. Haka nan ba a ce magani yana warkar da cutar da ba ya warkarwa, ko a ce taki buhu ne mai kilo 50 alhali 45 ne. Duk wannan yaudara ce a idon doka, ko da baki aka yi ta, ko a rubuce, ko ta hanyar yin shiru a kan abin da ya kamata a faɗa. Inda zai yiwu kuma, mai sayarwa ya ba da rasiɗi mai ɗauke da sunansa, da ranar ciniki, da irin kayan, da kuɗinsa.

Kada a fahimci wannan da cewa an hana tayi da albarka. Dokar ba ta yanka wa kowa farashin gero ko shanu ba. Mutum ya sa wa hajarsa kuɗin da ya ga dama, mai saye ya taya, in sun daidaita Allah ya sa albarka. Abin da aka hana shi ne 'yan kasuwa su haɗa baki su tsai da farashi ɗaya, ko su ƙulla su riƙe kaya don ya yi wuya ya yi tsada. Wannan kuwa malamai sun daɗe suna wa'azi a kansa da sunan ɓoye abinci.

Sassa uku ne suka fi cancanta malamin hakimi ya riƙe da ka. Sashe na 132 ya ce in kaya ya fito da aibi, ko bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba, mai saye yana da wata uku daga ranar da ya karɓa ya mayar da shi ba tare da an ci shi tara ba, ɗawainiyar mayarwar kuma a kan mai sayarwa take. Shi kuwa sai ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Manomin da ya sayi injin ban ruwa ya mutu cikin sati biyu ba roƙo zai je yi ba, haƙƙinsa zai je nema. Rubutun nan da ake gani a gindin rasiɗi, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya ture doka. A 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke wa wani kamfanin motocin haya hukuncin biyan fasinja diyyar naira 500,000, ta ce ƙa'idarsu ta ƙin mayar da kuɗin mota ta saɓa wa wannan doka. Amma fa wanda ya ɓata kaya da hannunsa, ya zuba wa inji gurɓataccen mai ko ya yar da rediyo a ƙasa, ba shi da bakin magana.

Sashe na 136 ya ɗora alhakin cutar da kaya mai aibi ya jawo a kan wanda ya fito da shi, ko da wanda ya cutu ba shi ne ya saya ba. Wannan magana ce babba. Uba ne ke sayen magani, yaro ne ke sha. Mai gida ne ke sayen tukunyar gas, matar gida ce ke tsaye kusa da ita. Ba mai cewa ai ban yi ciniki da ita ba.

Sashe na 145 kuwa shi ne ya juya al'amarin gaba ɗaya. A shari'ar da aka saba, mai ƙara ne ke kawo hujja. A nan, in aka yi ƙarar cewa kaya yana da aibi, mai sayarwa ne zai tabbatar cewa ba shi da shi. Dalilin a fili yake: tsohuwar da ta sayi man gyaɗa ba ta da ɗakin gwaji, kamfanin da ya tace shi yana da shi.

Har wa yau, mai masana'anta ko babban dillali da ya gane kayansa na da haɗari, tilas ya sanar da jama'a nan da nan ya janye kayan daga kasuwa. Horon wanda ya tauye haƙƙin mai saye yana cikin sashe na 155: mutum ɗaya, ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyu, kamfani kuwa, tarar da ba ta gaza naira miliyan 100 ba, ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na bara, a ɗauki wanda ya fi yawa.

ALGUS DA MUDU

Ba kowace cuta ke zuwa daga masana'anta ba. Wata a nan gida ake ƙulla ta, kuma dattawan kasuwa sun fi kowane ma'aikacin Gwamnati saninta. Akwai mai kwano biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Akwai mai bubbuge gindin tiya ya tura shi ciki. Akwai mai sa tsabar kirki a bakin buhu, tsakiya kuwa ƙaiƙayi da tsakuwa. Ana zuba wa nono ruwa, ana dafa sukari a kira shi zuma, ana sa wa manja rini don ya yi ja, ana cuɗa takin zamani da yashi. Ma'auni da sikeli, har da famfon gidan mai, suna da tasu doka ta 1974, kuma ma'aikatan awo na ma'aikatar ciniki ta Tarayya ne ke da ikon gwada su su buga musu hatimi. Gaskiyar magana ita ce ma'aikatan nan ba su da yawan da za su kai kowace kasuwar mako. Mudun ƙauye, in ba Sarkin Kasuwa da shugabannin ma'auna suka tsaya a kansa ba, ba mai tsayawa.

Tauye mudu aljihu yake ci. Akwai algus ɗin da ke cin rai, kuma masu yinsa da yawa ba su san kisa suke yi ba. Misali shi ne wake. Kowa ya san yadda ƙwaro ke cinye wake a rumbu, don haka waɗansu 'yan kasuwa kan yayyafa masa fiya-fiya, watau maganin ƙwari mai dafin da ake kira daikulobos, wanda ba a yi shi don a zuba a kan abinci ba. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma suka riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6. A shekara mai bi suka ƙara wa hanin shekara uku. Abin lura a nan, waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne ke shiga tukunyar ƙosai da alala a gida, inda ba mai awo. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da kantuna. Ga kuwa hanya mai sauƙi ta samu tuntuni: buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Fadu ta Amurka suka ƙago, leda biyu a ciki buhu a waje. In aka ɗaure bakinsa da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa, ba a sa ko ɗigon magani ba. Hakimin da ya sa dagatansa suka yaɗa wannan a lokacin kaka ya yi wa ƙasarsa aikin da ya fi kamun mutum goma.

Misali na biyu a Kano ya faru, a watan Maris na 2021. Mutane suka riƙa zuwa asibiti da amai da fitsarin jini bayan sun sha kayan sanyi da aka haɗa da garin lemo da ɗan tsami. Gwamnatin jihar ta ba da labarin mutum 10 sun mutu, wajen 400 sun kwanta asibiti. Binciken NAFDAC ya nuna cewa cikin abin da aka sayar da sunan ɗan tsami akwai wani sinadarin masana'antu mai guba. Matan da suka saya a ƙulle-ƙullen leda suka haɗa zoɓo da lemo ba su ga buhun da aka ɗebo shi ba, balle su karanta abin da ke rubuce a jiki. Duk lokacin da aka farke buhu aka ƙulla a leda marar suna, an yanke igiyar da za a bi a kai ga mai laifi.

INDA HAKIMI YA SHIGO

Wajibi ne a faɗi iyakar ikon hakimi a fili, don kada himma ta kai wani ga abin da zai jawo masa ƙara. Tun da aka karɓe kotunan En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, hakimi ba ya yanka tara, ba ya rufe kanti, ba ya ƙwace haja. Wannan aikin hukumomin da aka ambata ne, da 'yan sanda, da kotu. Amma dokar da kanta, a sashe na 146, ta sa komawa wurin mai sayarwa a farkon hanyoyin neman haƙƙi, kafin hukumar da ke kula da irin wannan sana'a, da FCCPC, da kotu. A wannan mataki na fari zauren hakimi ya fi kowane ofis amfani. Rigimar babur ko keken ɗinki ko buhun iri da bai tsiro ba, in aka kira mai kaya gaban dattawa aka karanta masa maganar wata uku, galibi nan take ƙarewa.

Sulhu yana da inda ya tsaya. In maganar ta kuɗi ce tsakanin mutum biyu, a sasanta. In kuwa abin ci ne ko na sha ko magani ya kwantar da mutum, ba a rufe shi da sulhu ko da mai kayan ɗan gari ne mai mutunci, ko da ya ɗauki nauyin asibiti. Kwalbar da ta cuci yaro ɗaya tana da 'yan'uwa dubbai da aka dafa a tukunya ɗaya, suna can kan tebura a waɗansu garuruwa. Kwana ɗaya da aka yi jinkirin kai labari, wani gida ne ke biya.

Saboda haka masu unguwa da dagatai su san alamun da za su sa su garzaya. Yaro ya sha ruwan magani fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke. Mutanen gida ɗaya, ko na biki ɗaya, sun kama amai da gudawa bayan cin abu ɗaya. Fitila ko risho ya yi bindiga daga zuba kananzir, wanda ke nuna an gauraya shi da fetur. Abu na fari a kai marar lafiya asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci ko ya sha. Kada a zubar da shi don fushi, kada a ƙone, kada a bar mai kaya ya karɓe ya musanya.

Daga nan aiki ya koma hannun malamin hakimi, kuma amfanin rahotonsa yana ga ƙananan abubuwan da ya kwafa daidai. Ya rubuta sunan kayan harafi da harafi yadda yake a jiki, domin jabu sau da yawa harafi ɗaya ne ke raba shi da na gaske. Ya rubuta sunan kamfani da adireshinsa in akwai, in babu ya ce babu, wannan ma shaida ce. Ya kwafi lambar rajistar NAFDAC, da ranar da aka yi kayan, da ranar lalacewarsa. Fiye da kome ya nemi lambar rukuni, watau lambar da ke nuna dahuwar da kwalbar ta fito daga ciki, gama da ita ake bin sawun sauran a janye su. Sa'an nan ya sa wurin da aka saya, da rana, da wanda ya sayar, da inda shi kuma ya saro. In akwai waya mai ɗaukar hoto a ɗauki kwalin ta kowane gefe. Magungunan zazzaɓin cizon sauro da yawa suna da wurin kankarewa a jikin kwali, tsarin da NAFDAC ta fara a 2010. In an kankare an aika da lambar ta waya, amsa takan zo ko na gaske ne. Kayan masana'antu kamar siminti da wayar lantarki da rodi kuwa, tambarin SON ake dubawa.

Rahoton abinci da magani da kayan kwalliya ofishin NAFDAC na jiha ake kai wa, a ba shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma kwafi a ranar. Na siminti da taya da kayan lantarki, SON. Na yaudara a farashi, ko ƙin karɓar kaya mai aibi, FCCPC, wadda ke karɓar ƙara da takarda ko ta intanet. Waɗansu jihohi kuma, kamar Kano, suna da tasu hukumar kare masu saye wadda ta fi kusa. Kowace takarda ta bi ta hannun majalisar sarki kamar yadda aka saba, sai dai in rai na cikin haɗari, a nan a buga waya tukuna takarda ta biyo baya. Malami ya ajiye kwafi a fayil ɗin gunduma da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa, in sati biyu suka wuce ba amsa ya sāke rubutawa ya ambaci ta farko.